Inda Baba Ya Ajiye Zamzam

Mahaifin matata haifaffen Makka ne. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya iso bayan shekaru a hanya, ya ce ba zai koma ba, kuma bai koma ba. Shi kuwa surukin nawa, wanda nake kira Baba kamar yadda ake yi a gida, ya ƙarar da ƙarfinsa a kan sitiyarin babbar mota, yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Jidda yana kawowa Makka. Da idonsa ya fara yi masa gardama sai ya miƙa makulli, ya dawo gidansa na Hindawiyya ya zauna. Tun daga ranar bai sake kwana a wajen iyakar Harami ba. Azumi kuwa, tun yana yaro bai taɓa yin ko na shekara ɗaya a wani gari ba. Ba da alfahari yake faɗin wannan ba. Yakan faɗe shi ne a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono a cikin kasuwa.

Ni karatu ne ya kawo ni daga Zariya. Na zo da abin da na samu a zaure, ina rubuta Hausa da ajami fiye da yadda nake rubuta ta da boko, har gobe kuma haka nake. Abin da ake ba ɗalibi bai isa ba, saboda haka da la'asar nakan je wata warsha, wato garejin aikin ƙarfe, a unguwar Ka'akiyya in taya su walda. A can na koyi ɗaura galas, wato ƙarfen nan da ake kafawa a bayan mota don jan tirela. Karatu ya ƙare, warsha ba ta ƙare ba. Baba ya ba ni 'yarsa, kuma duk da baƙin mai da ke ƙarƙashin faratana bai taɓa kirana da wani abu ba sai Malam.

A shekarun nan da azumi ya faɗo tsakiyar zafi, ana ta rushe tsofaffin gidaje a gefen unguwarmu don fitar da babban titi. Ƙurar siminti ta shiga ko'ina, har cikin tulun shayi. Ƙirjin Baba ya kama. Idan ya taka daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya dafa bango, kana jin numfashinsa kamar ana jan zarto a kan ɗanyen itace. Likita ya ce a fitar da shi daga ƙurar da zafin, a kai shi Ɗa'ifa ya yi watannin nan a kan dutse, inda iska take da sanyi. Watannin nan kuwa azumi na cikinsu.

Baba bai ce a'a ba. Ba halinsa ba ne ya ce wa 'ya'yansa a'a kai tsaye. Sharuɗɗa ya kafa. Ya ce ba zai kwana a gidan haya ba, a kan gadon da bai san wanda ya kwanta a kai ba. Ya ce ba zai sha wani ruwa ba sai zamzam, kamar yadda ya saba. Ya ce littattafansa suna inda yake. Da ya gama ya gyara zama, na ga alamar ya ɗauka magana ta mutu.

Bai yi lissafi da autansa ba. Auta, ƙanin matata, mutum ne da ya haura talatin, Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa, kuma ba ya jin an ce abu ba zai yiwu ba. Yana da aboki mai 'yar gonar rumman a bayan Ɗa'ifa, wanda ya ce a kai Baba can. Kafin mako ya zagayo sai ga shi da karafan, ɗaki guda a kan tayoyi, irin wanda samarin nan suke ja zuwa daji idan za su shaƙata. Na hannu ne, amma mai tsabta. Akwai gado a can baya, wurin zama da 'yar teburi a tsakiya, banɗaki da ma'ajiyar takalma a gaba kusa da ƙofa.

"Abuya, ga gadonka," in ji shi. "Katifarka za mu sa. Ba wanda ya taɓa kwana a kanta sai kai. Halas, shi ke nan?"

Baba ya zagaya karafan ɗin yana dafa sanda. Ya duba tayoyi, ya duba wuyanta inda ake haɗa ta da mota, ya daɗe a kan wuyan. Sannan ya ce to, amma shi zai nuna inda za a ajiye kaya, kuma sai an gwada ta da kayan a ciki, yana cikin motar.

Aka je Kudai, inda ake ɗiba a jarka, aka yi ta ɗebo zamzam, jarka bayan jarka, na wata guda da ɗoriya. Ranar da aka yi lodi ina warsha. Matata ce ta ba ni labari cewa Baba ya zauna a kujera a bakin ƙofa yana nuni da sanda. Ya ce zamzam ba ya zama kusa da banɗaki, ba ya zama kusa da takalmi, ba ya zama inda ƙafa take bi. A kai shi can ƙurya, bayan gado, da akwatin littattafai a kansa. Kowa ya ce gaskiya ne. Wa zai ce ba gaskiya ba ne?

Da hantsin wata Asabar a cikin Sha'aban muka fita gwaji. Auta ne a sitiyari, Baba a gefensa, ni a baya. Na so in duba ɗaurin kafin mu tashi, Auta ya ture hannuna.

"Ya Shaikh, wannan ba ƙofar gareji ba ce da za ka liƙa mata wuta. Wanda ya sayar mini shi ya ɗaura. Shiga ka yi mana addu'a, ita ce aikinka."

"Wanda ya aurar maka da mota bai aurar maka da hankali ba," na ce masa. Tsakanina da shi wasa ne, kamar yadda yake tsakanin mutum da ƙanin matarsa. Na shiga na zauna.

Baba ne ya zaɓi hanyar, wani miƙaƙƙen titi bayan Ka'akiyya da ba kowa a kansa a irin wannan lokaci. Muna tafiya a hankali ba abin da ya faru. Auta ya ƙara wuta kaɗan. Sai na ji bayan motar ya yi sauƙi, kamar an ɗaga ni daga kujera. Kafin in buɗe baki Baba ya riga ya ɗora tafinsa a kan gwiwar Auta.

"Ɗage ƙafarka daga totur. Kada ka taɓa birki. Riƙe sitiyari, kada ka bi ta."

A sannan ne lilon ya zo sosai. Na waiwaya na ga karafan tana kaɗawa hagu da dama, tana fizgar gindin motar. Auta yana ta salati da ƙarfi. Baba bai ɗaga murya ba, hannunsa na nan a kan gwiwar, har gudun ya mutu da kansa, lilon ya lafa, muka gangara gefen titi.

Auta ya fita ya tsuguna a bakin titi. Baba ya sauke gilashi ya ce, "To, kun gani. A kan shimfiɗaɗɗen titi ke nan. Ina ga hawan dutse? Allah ya nuna mana, sai mu gode masa mu koma gida."

Da yamma Auta ya jawo ta da tafiyar kunkuru har ƙofar warsha. Wasan ya fita daga bakinsa.

"Malam, don Allah. Kai ka san abin nan. Idan ba ta gyaru ba Abuya ba zai tafi ba, kuma ka ji ƙirjinsa."

Na ce ya bar ta zan duba.

Washegari bayan sallar asuba na biya gaishe da Baba kamar kullum. Yana zaune a kan darduma, carbi a hannu, ana jin numfashin nan nasa tun daga tsakar gida. Muka gaisa. Ya tambayi aiki, ya tambayi yara. Har na yunƙura zan tashi sai ya ce, idonsa a kan carbin, "An ce karafan tana wurinka."

"Tana can, Baba."

"Aikin ƙarfe ba ya son gaggawa, Malam. Ka bi ta a hankali. Ko bayan salla ne, ba abin da ya ɓaci."

Na ce to. Na fito ina jin maganar a kafaɗata. Bayan salla, wato bayan azumi ya wuce. Da na isa gida matata tana jirana a ƙofar kicin. Ta ce jiya ta ƙirga tarin mahaifinta har ta gaji ta daina. Ta ce, "Malam, in akwai abin da hannunka zai iya, kada ka bar mini uba a cikin ƙurar nan." Ita ma na ce mata to. Cikin sa'a guda na ce to sau biyu, ga mutum biyu da nake jin nauyinsu, kuma na san ɗaya daga ciki ba zai tsaya ba.

Na fara da abin da yake laifin ƙarfe ne, don shi ba ya buƙatar in yi tunani. Na ajiye karafan a kan daidaitacciyar ƙasa, na juya jak ɗin wuyanta har ta miƙe sak, gaba da baya tsayi ɗaya. Na auna daga ƙasa zuwa bakin da ke hawa kan ƙwallon galas, na auna ƙwallon da ke bayan motar Auta. Ƙwallon ya fi tsayi da kusan faɗin tafin hannu. Ke nan tana tafiya hanci a sama, gindi a ƙasa. Na cire shi na sa mai saukowa. Tayoyinta iska ta yi ƙasa, na cika. Sarƙoƙin tsaro an rataye su kowace a gefenta, na gicciya su a ƙarƙashin wuyan yadda ko ya zame za su tallafe shi. Na ji daɗi da na sami waɗannan. Na ce a raina wataƙila su ke nan, wataƙila mai sayarwa ne ya yi sakaci.

Sannan na zo kan awon wuya. Kowace tirela tana son wani kaso na nauyinta ya kwanta a kan ƙwallon, kamar ɗaya cikin goma ko sama da haka kaɗan. Idan ya gaza, ita ce za ta riƙa tuƙa motar. Muna da sikeli da katako da muke aunawa da su, amma ban kai ga ɗauko su ba. Na sa hannu biyu a ƙarƙashin wuyan don in gyara shi, sai ya taso mini kamar na ɗaga kujerar roba. Ɗaki guda, da gado da banɗaki, ya taso a hannun mutum mai furfura.

Na buɗe ƙofa na shiga. Gaba wayam. A can ƙurya bayan gado, a bayan tayoyi, jarkokin zamzam ne jere a kan juna har kusan taga, akwatin littattafai a samansu, an lulluɓe da farin ƙyalle. An ɗaure su da igiya, irin ɗaurin direbobin manyan motoci, ƙulli mai kyau da ba ya kwancewa sai an ja bakinsa.

Na zauna a bakin gadon na daɗe. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana lodin buhuna daga Jidda, wanda idan tirela ta wuce mu a titi yakan ce wannan an yi mata lodin jahilai tun kafin ta ɓace, ba zai rasa sanin abin da ruwa mai wannan nauyi zai yi a bayan tayoyi ba. Na tuna yadda ya daɗe yana duban wuyanta. Na tuna shi ya zaɓi titin da ba kowa, shi ya nace sai yana cikin motar, kuma hannunsa ya isa gwiwar Auta kafin lilon ya iso. Baba ya san abin da ya yi. Ya auna shi yadda zai tsorata mu ba tare da ya kashe mu ba, ya kuma zauna a gaba don idan awon ya kuskure ya fara da shi. Ladabin da ya faɗa game da zamzam gaskiya ne, ya yarda da shi har zuciyarsa. Amma ya jingina wata bukata a jikinsa.

Da a ce na fito na rufe ƙofar na ce wa Auta gindinta a karkace yake, sai an kai ta Jidda, da ya yarda. Ba wanda zai tuhume ni. Na yi kwana biyu ina zagaya ta ina wasu ayyuka. A rana ta uku matata ta kira ni ta ce an kai Baba asibiti an sa masa iska, an dawo da shi. Na ajiye wayar na ɗauko zarto.

Na yanka katako na yi ɗan dandamali mai tsayin taƙi guda, na kafa shi a tsakiyar karafan, daidai kan tayoyi ya ɗan zarce gaba, a ƙarƙashin wurin zama. Na yi masa baki don kada jarka ta zame, na shimfiɗa sabuwar darduma a kai. Tsakaninsa da banɗaki akwai kabad da bango. Takalma na fitar da su gaba ɗaya, na yi musu akwati a waje. Littattafai na mayar da su kabad na sama. Na ɗauki alli na rubuta a jikin katakon da ajami, ruwa a nan, don kada masu lodi su manta. Da na sake gwada wuyan, ko motsi bai yi ba sai da jak. Sikeli ya nuna abin da nake nema.

Ragowar aikin na yi shi kamar mai yi wa kansa hukunci, ba abin da na tsallake. Da nauyi ya dawo kan ƙwallon sai gindin motar ya zauna, gabanta ya ɗaga. Na ɗaura sanduna biyu masu raba nauyi, daga galas zuwa wuyan karafan, na riƙa jan sarƙarsu ƙulli bayan ƙulli ina auna bakin tayar gaba, har motar ta koma yadda take kafin a ɗora mata kaya. Na kafa sandar hana lilo a gefe, wadda take da ɗan ƙaramin ƙwallo nata a kowane kai, na ɗaure hannunta yadda za ta riƙe ba tare da ta hana kwana ba. Na gwada birkin karafan daga maɓallin da ke gaban direba. Na nuna wa Auta cewa idan zai yi baya ya sassauta sandar tukuna, idan kuma ya ji lilo ya danna birkin karafan da hannu, ya bar na mota.

Ya leƙa ciki ya ga rubutun alli, ya karanta shi da lafazin Larabci, bai fahimci komai ba.

"Ya Shaikh, laya ka rubuta mata?"

"Hausar kakanka ce, jahili."

Ya yi dariya, karo na farko tun ranar gwaji. Bai tambaye ni me ya sa kayan suka koma tsakiya ba.

Muka kawo ta ƙofar gida saura kwana kaɗan a ga wata. Aka fito da Baba, matata tana riƙe da gwiwar hannunsa. Ya dubi ƙwallon, ya dubi sandunan, ya sa ƙafa ya taɓa sarƙar da na gicciya. Aka taimaka masa ya hau. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana kallon jarkokin a kan dardumarsu. Shi ya iya ajami, a wurin mahaifinsa ya koya. Na ga leɓensa yana motsi a kan kalmomin ukun nan.

Sannan ya juyo, a gaban 'yarsa da ɗansa, ya ce, "Malam, kai ne mai karatu a cikinmu. Zamzam a nan, mutane suna zama a kansa, banɗaki ga shi can. Ya halatta?"

Ba fatawa yake nema ba, ya fi ni sanin amsar. Ƙofa ce ya buɗe mini ta ƙarshe. Da na ce barinsa ya fi, ko na ce akwai ƙyama, ba wanda zai yi jayayya da ni a gidan nan. Sai a mayar da ruwan baya, ko a ce ba inda za a sa shi, magana ta mutu. Idonsa yana kaina, ba roƙo a ciki, jira kawai. A bayansa matata ma tana kallona.

Na ce, "Ya halatta, Baba. Yana sama da ƙasa, a rufe yake, akwai bango tsakani. Ba a kansa ake zama ba, akwai katako. Ban san wani abu da ya hana ba."

Gaskiya na faɗa. Na sha juya maganar a raina, ban sami ƙarya a cikinta ba. Amma ban taɓa jin gaskiya ta yi mini ɗaci a baki kamar ranar ba.

Ya gyaɗa kai. "To. Tunda Malam ya faɗa."

Muka tashi da sassafe ta hanyar Sail, don ba a hawa ɗaya hanyar mai kwane-kwane da tirela. Wannan karon ni na tuƙa. Baba yana gefena, Auta da yayarsa a baya. Ya yi addu'ar tafiya a fili, muka amsa. Da muka doshi alamun iyakar Harami na rage gudu ba tare da na yi niyya ba. Bai dube su ba. Idonsa yana kan madubin gefe, yana kallon karafan. Wata doguwar tirela ta wuce mu da gudu, iskarta ta bugi motar, na ji sandar ta yi ƙara kaɗan ta riƙe. Karafan tana bin mu sak kamar an zana ta.

"Ko kaɗawa ba ta yi," in ji Baba.

"Alhamdu lillahi," in ji Auta daga baya. "Abuya, ka ga aikin surukinka?"

"Na gani. Aikinka ya yi kyau, Malam. Ba ka bar mata komai ba."

Na ƙara riƙe sitiyari.

Iskar Ɗa'ifa ta karɓe shi, wannan ba a musu. Cikin kwanaki ya fara takawa tsakanin itatuwan rumman ba sanda. Matata ta zauna da shi, ni nakan hau duk ƙarshen mako. Abu ɗaya na lura da shi. Rana tana riga faɗuwa a can kafin Makka da ɗan lokaci kaɗan. Ladanin ƙauyen zai kira, kowa ya kai dabino baki, Baba kuwa yana zaune da kofin zamzam a hannu da 'yar rediyo a cinya. Ba ya sha sai ya ji kiran sallar Harami. Auta ya ce masa, "Abuya, gaggauta buɗa baki ake so." Ya ce ya sani. Washegari ma haka ya yi. Ni da ake kira mai karatu ban ce uffan ba. Na riga na yi fatawa ɗaya, ta ishe ni.

Bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Da ya yi fushi da na sami abin riƙewa. Yakan tambaye ni labarin unguwa, wane gida aka rushe, wa ya ja salla a masallacinmu, cunkoso ya kai ina a goman ƙarshe. Ina ba shi labari yana lumshe ido. Wata rana na kusa buɗe maganar, na ce, "Baba, game da lodin nan..." Sai ya ce in miƙo masa butar alwala.

Da zafi ya karye muka ɗauko shi. A Sail, wurin da masu shiga Makka daga wannan ɓangare suke ɗaukar niyya, ya ce in tsaya. Ashe ya sa 'yarsa ta taho masa da ihrami. Ya yi wanka, ya fito cikin fararen ƙyalle biyu, ƙasusuwan kafaɗarsa a waje, ya tsaya a cikin baƙi 'yan ƙasashe daban-daban da ke sauka daga motocin safa.

"Wanda ya yi wata da watanni a waje baƙo ne," ya ce mini. "Baƙo kuwa ba ya shiga hannu rabbana. Sai ya yi sallama."

Ya yi ta talbiyya har muka shiga gari, muryarsa a buɗe, ba tari. Matata tana kuka a baya, na farin ciki. Ni ina kallon madubi, karafan tana biye da mu lafiya lau, jarkokin da ke cikinta duk sun zama fanko.

Allah ya karɓi abinsa a Rajab na shekarar da ta biyo, a ɗakinsa na Hindawiyya, aka yi masa salla a Harami kamar yadda ya so. Azumin Ɗa'ifa shi ne na ƙarshe da ya yi. Matata takan ce hannuna ne Allah ya sa ya zama sanadin watannin nan da suka ƙaru, ya ga auren jikarsa, ya yi umara da ƙafarsa. Ina amsa mata da Allah ya sa haka ne. Kwana na Allah ne, ba ƙarfe ke ƙara shi ba. Abin da na sani tabbas shi ne tsoho ya roƙe ni abu ɗaya a duk zamanmu, ya roƙa ta hanyar da ba zai ji kunya ba idan na ƙi, na kuma ƙi.

Auta ya sayar da karafan bayan rasuwar. Kafin a tafi da ita na shiga na kwance dandamalin. Yana ɗakina, a kansa nake ajiye jarkar zamzam ta gida. Allin ya goge, sai ɗan fari-fari a cikin tsagin katakon. Duk shekara idan aka ga wata, ranar farko, nakan cika kofi daga nan in riƙe shi har ladanin Harami ya kai ƙarshen kira, sannan in nema wa Baba gafara, in nema wa kaina, in sha.